Boglarin taga: ɓarawo yake tarewa ko masu gida yake kullewa?

A Katsina yau, idan gini ya kai linta, ba a zama shawara kan ko za a sa wa tagogi boglari. Abin da ake ciniki da mai walda shi ne kaurin rodi, da zanen da uwargida ke so, da kuɗin aiki. Birkila ya cusa ƙafafun ƙarfen cikin bulo, ya zuba kankare, a bi da filasta, shi ke nan ƙarfe ya zauna sai ranar da za a rushe ginin. Daga Ƙofar Ƙaura har sababbin unguwannin da ke wajen Barhim da Ɗandagoro, da wuya ka ga tagar da ba a yi mata haka ba. Gidan da aka bari babu ƙarfe, 'yan haya ma ba sa tsayawa tambayar kuɗinsa.

Maganar ba ta tasowa sai an yi gobarar dare, an ji cewa maƙwabta suna jin kururuwar mutanen gida a bakin taga, suna ganin hannuwansu, amma ƙarfe ya hana a jawo su. Sai a yi kwana biyu ana muhawara a majalisu, wasu na cewa a cire boglari gaba ɗaya, wasu na cewa wanda ya cire ya gayyato ɓarayi da kansa. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Nawa ra'ayin shi ne boglari ya cancanci zama a tagoginmu, amma irin wanda muke kafewa cikin siminti a kowace taga, har da ta ɗakin kwana, bai cancanci kasadar da ke tare da shi ba, kuma gyaransa bai kai kuɗin ƙofar falo ba.

A fara da yi wa ƙarfen adalci. Yawancin satar da ake yi a cikin gari ta ɗan hali ce mai neman abin da zai ɗauka cikin sauri ba tare da hayaniya ba: waya a caji, kwamfuta, jakar hannu, ɗan kunne a kan madubi. Irin wannan ɓarawon, da matasan da muke kira ƙauraye idan suka juya ga sata, lokaci da ƙara su ne abokan gabarsu. Yanka rodi da zarto yana cin lokaci, yana kuma tada kare da maƙwabci, don haka sukan wuce gidan da ya fi sauƙi. Sannan akwai zafi. Wanda ya san daren Katsina a watan Afrilu, ga shi an ɗauke wuta, ya san barci da taga a rufe azaba ce. Boglari ne ke ba mutum damar buɗe taga ya kwanta da natsuwa. A gidan bene kuma yana hana yara faɗowa. Waɗannan amfanoni ne na kullum, ba na wasa ba.

Amma iyakarsa ke nan. Masu bindiga ba ta taga suke shiga ba. Ƙofa suke bi, ko su tsare mai gida a lokacin da yake shigowa, ko su kama wani daga cikin iyali su sa a buɗe musu daga ciki. Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa aka ɗauke shi ranar 1 ga Mayun 2019, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Ƙarfen taga ba shi da abin cewa a irin wannan. Ɓarawon da ya zo da shiri kuwa ya san bulon da ke riƙe da ƙarfen ya fi ƙarfen rauni, ya san jak na mota yana buɗa tsakanin rodi, ya san silin ma hanya ce. A ƙauyukan yankin Batsari da Jibiya da Faskari, inda 'yan bindiga kan cinna wa gidaje da rumbuna wuta, ɗakin da ba shi da mafita ta biyu haɗarinsa ninki biyu ne, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ke rikita lissafin shi ne sata tana yawan faruwa, gobarar dare kuma jefi-jefi. Kowa ya san wanda aka sace wa waya ta taga, ba kowa ne ya san wanda wuta ta rutsa a ɗaki ba, don haka hankali ya fi karkata ga abin da ido ya saba gani. Ko gobarar da muka fi tunawa ta dukiya ce, kamar wadda ta ci babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021. Asara ce mai nauyi, amma ana sake gina shago. Gobarar da ta sami iyali suna barci lissafinta dabam ne, domin abin da take ɗauka ba ya dawowa.

Mutane da yawa suna zaton harshen wuta ne ke kisa. Mafi yawan waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ajalinsu, tun wuta ba ta taɓa jikinsu ba. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai ke kashe waɗanda suka kwana da janareta a cikin gida. Tana manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke yi sau fiye da 200, sai mutum ya ji jiri, tunaninsa ya rikice, gaɓoɓinsa su mutu. Katifar soso da kujerun kushin idan suna ci suna fitar da gubar sayanaid. Silin roba da ya cika gidajenmu yanzu yana narkewa ya ɗigo, hayaƙinsa kuma yana ƙona ido da maƙogwaro. Kuma hanci ba ya gadin mai barci, wari ba ya tada mutum kamar yadda ƙara ke yi.

Cibiyar gwaje-gwaje ta UL da ke Amurka ta ƙona ɗakuna iri biyu don kwatantawa, ɗaya da kayan da, na katako da auduga, ɗaya da kayan zamani na soso da roba. Abin da ta fitar shi ne, shekaru kamar 40 da suka wuce mutum yana da kimanin minti 17 na fita daga gidan da ya kama wuta, yau kuwa kimanin minti 3 ne. Kayan ɗakin amaryar Katsina na yau, kujeru da katifa da labule da kafet, duk irin na biyun ne. A cikin minti ukun nan za ka farka, ka gane abin da ke faruwa, ka tashi yara, ka nemo hanya a cikin duhu, domin sau da yawa lantarki ya riga ya yanke.

A nan ne tsarin ginin yake shigowa, kuma a ganina nan ne asalin matsalar take. Tsohon gidan Bahaushe, irin na cikin birni, kusa da Gobarau ko Yarinci, tagarsa ƙarama ce can sama, ba a taɓa ɗaukarta hanyar fita ba. Amma kowane ɗaki ƙofarsa tsakar gida take kallo. Taku biyu ka fito fili, sama a buɗe, hayaƙi ya tashi ya tafi. Bangon ƙasa ba ya ci, kayan ɗaki kaɗan ne. Mun bar wannan tsarin mun koma filat: ɗakunan kwana a can ƙurya, dukkansu suna fitowa wani siririn korido, koridon ya faɗo falo, falon kuma ƙofa ɗaya ce ta ƙarfe mai makulli uku da sakata sama da ƙasa. Idan an yi ƙofar baya, ta kicin ake bi, wato ta gefen tukunyar gas. Ka rufe wannan gida da boglari a kowace taga, ya zama akurki mai baki ɗaya.

To ina wutar take tashi? Galibi a kan hanyar fitar. A falo ne talabijin da firij da tarin soket suke, su ne ke shan wahala idan an kawo wuta da ƙarfi cikin dare. A korido ko ƙarƙashin matattakala ake jera batiran sola. A bayi ake manta hita cikin bokiti: an saka ta, aka ɗauke wuta, aka kwanta, wuta ta dawo ƙarfe biyu na dare, ruwa ya ƙone, roba ta kama. Da hunturu kuma ga kaskon gawayi, ga turaren wuta kusa da labule, ga iska busasshiya mai hura komai. Sai babban cikinsu, wanda kusan kowa ke yi: shigar da babur falo ko zaure da dare don gudun ɓarayi. Tanki ne na fetur aka ajiye daidai bakin ƙofar da kowa zai bi, wani lokaci da jarkar man janareta a gefensa. Mai gida ya yi dabarar tsare babur, amma idan wuta ta tashi a wurin, ƙofa ta tashi daga aiki, taga kawai ta rage.

Duniya ta sha ganin ƙarshen wannan tsari, musamman a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ranar 14 ga Satumban 2017 wuta ta kama wata makarantar haddar Alƙur'ani a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya. Ɗakin kwanan yana saman bene, wuta ta tare ƙofa ɗaya tilo, tagogi kuma duk da ƙarfe. Mutum 23 suka rasu, 21 daga ciki ɗalibai. A Kenya, a makarantar sakandaren Kyanguli, ɗalibai 67 suka mutu a Maris na 2001, ƙofa ɗaya a kulle, tagogi da ƙarfe. Ƙa'idojin tsaron makarantu da ƙasar ta fitar a 2008 sun ce kada a sa ƙarfe a tagogin ɗakin kwanan ɗalibai, ƙofofi kuma su riƙa buɗewa ta waje. A Mahdia ta ƙasar Guyana, a Mayun 2023, yara 20 suka rasu a irin wannan yanayi. Duk wuraren nan an sa ƙarfen ne da niyyar kare yaran. Mu ma tun bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, duk mai makarantar kwana ko tsangaya tunaninsa yadda zai ƙara ƙarfe ne, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai gobarar Ƙauran Namoda ta Fabrairun 2025, wadda ta ci almajirai 17, ta isa ta tuna mana cewa ɗakin da aka tara yara da dare yana da maƙiyi fiye da ɗaya.

Wani zai ce ai akwai 'yan kwana-kwana. Akwai su, suna kuma ƙoƙari. Amma a lissafa: a gano wuta, a samo lamba, a kira, mota ta taso, ta ratsa lungun da ko Keke Napep da ƙyar yake shiga. Ko komai ya tafi daidai, minti ukun nan sun daɗe da wucewa. Aikinsu galibi hana wuta tsallakawa maƙwabta ne. Masu ceto na farko maƙwabta ne, da diga da guduma, suna dukan bango a gefen taga cikin duhu, ƙarfen ya yi zafin da hannu ba ya taɓa shi. Kankaren da mai gida ya matsa wa birkila ya zuba da kyau, shi suke fama da shi.

Ƙasashen da suka zauna suka yi wa abin doka ba su haramta boglari ba. Ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce kowane ɗakin kwana sai ya kasance da mafitar gaggawa. Tsawon kafar kada ya gaza inci 24, faɗinta kada ya gaza inci 20, kada kuma ta yi sama da inci 44 daga daɓen ɗaki. A ma'aunin masu waldarmu, ƙafa biyu a ƙafa uku ya wadatar. An yarda a sa mata ƙarfe, da sharaɗi ɗaya: ya buɗu daga ciki ba da makulli ba, ba da wani kayan aiki ba, ba kuma da wata dabarar da sai an koya wa mutum ba. Najeriya ma ta fitar da kundin dokokin gini na ƙasa a 2006, sai dai gidajenmu da yawa tsakanin mai gida da birkila ake yanke tsarinsu, babu wanda ke zuwa duba ta ina za a fita.

Wannan aiki ba ya bukatar injiniya daga waje, mai waldar bakin titi zai iya. Maimakon a kafe boglarin gaba ɗaya, sai a kafe firam a bango, a yi wa sashe ɗaya hinjis ya zama 'yar ƙofa mai buɗewa waje. Hinjis ɗin a walde kansu yadda ba za a zare fil ɗin daga waje ba. Sakatar ita ce wurin tunani. Ko dai a rufe kewayenta da farantin ƙarfe mai faɗi yadda hannun da aka zuro ta tsakanin rodi ba zai kai gare ta ba, ko a jawo mariƙinta da sandar ƙarfe zuwa ƙasa, nesa da taga fiye da tsawon hannu, inda na ciki zai ja ko ya taka da ƙafa ta saki. Taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ta isa. Na falo da kicin da sito a bar su a kafe.

Idan ka kai wa mai walda wannan magana, amsar da za ka fara ji ita ce, "Alhaji, ai sai mu sa mata kwaɗo." Nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya ke ɓata aikin. Kwaɗo yana nufin ɗan makulli, ɗan makulli kuma yana da halin ɓacewa. Yau yana kan ƙusa, gobe Hajiya ta ɗauke shi don kada yara su yi wasa da shi, ta jefa cikin wata jaka, jibi ita ma ta manta wacce. Ko yana nan, ka ƙaddara mutum a durƙushe, ido na hawaye, yana tari, hannu na rawa, yana laluben ramin kwaɗon da ya sha damina biyu da ƙurar hunturu ba a taɓa buɗe shi ba. Wanda ya ga lallai sai ya sa kwaɗo, to ya ɗaure makullin da sarƙa a bango, ƙasa-ƙasa inda hayaƙi bai cika sauka ba, nesa da inda hannun waje ko sanda za su kai, kuma kowa a ɗakin ya san wurin. Wannan rabin gyara ne, amma ya fi babu.

Akwai ƙorafin da ba a cika faɗa a fili ba, na iyayen da ke tsoron samari su riƙa sulalewa ta tagar da dare. Damuwa ce ta gaske, amma yaron da ya ƙuduri fita katanga ma ba ta hana shi, kuma ban ga hikimar toshe masa hanyar tsira saboda wannan ba. A bene kuwa, inda ake tsoron ƙananan yara, sai a yi sakatar da ke bukatar ƙarfin babba ko motsi biyu, a kuma tanadi tsani ko igiya mai ƙulli, domin taga a buɗe a hawa na biyu ba ta gama aikin ba. Haka a duba inda tagar ta faɗa. Idan wani matsattsen lungu ne tsakanin gini da katanga mai waya, an cika shi da tsofaffin kwanon rufi da buhunan gawayi, an fita daga ɗaki ne kawai, ba a fita daga haɗari ba.

Duk wannan yana aiki ne idan an farka a kan lokaci. Shi ya sa ƙararrawar hayaƙi, 'yar na'ura mai batir da ake mannawa a silin, take da muhimmanci kamar tagar kanta. Alƙaluman Amurka sun nuna gidan da ke da mai aiki haɗarin mutuwa a gobararsa yana raguwa da kusan rabi. Ba ta dogara da wutar NEPA ba, amma masu gyaran lantarkinmu ba su saba kawo maganarta ba, sai ka tambaya. A sa ta a korido, ba a kicin ba, kuma nesa da inda ake turare, in ba haka ba za ta dami gida har a cire mata batir. Rufe ƙofar ɗaki kafin barci ma yana tare hayaƙi ya ƙara mintuna. Addini bai bar wannan fage ba. A hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim an yi umarni da a rufe ƙofofi da dare, a kuma kashe fitilu lokacin kwanciya. Da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Manzon Allah (SAW) ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Mun riƙe umarnin kulle ƙofa da kyau, na wutar ne muke sakaci da shi. Ɗabi'ar kulle yara ko mata daga waje da kwaɗo idan za a fita unguwa kuwa, a gidan da tagoginsa duk ƙarfe ne, ba ta da wani uzuri.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan haya, domin bangon ba nasa ba ne. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya sami mai gidan da lalama: "Baba, taga ɗaya nake so a mayar mai buɗewa, ni zan biya mai walda, in na tashi kuma na bar ta." Aikin yini guda ne, a yanke sashe ɗaya da injin yankan ƙarfe, a walda firam da hinjis, ba a taɓa bulo ba. Masu gida da yawa za su yarda tunda ba aljihunsu za a taɓa ba. Idan ya ƙi, abin da ya rage a hannun ɗan haya shi ne ya fitar da babur da jarkar mai daga bakin ƙofa, ya bar makulli a jikin ƙofar ko a ƙusa ɗaya da ba ta canjawa, ya sa ƙararrawa, ya kuma ajiye babbar guduma a ɗakin kwana, maƙwabcinsa na kusa ya san da ita.

Bayan an yi tagar, a gwada ta da dare, fitila a kashe. A sa wanda ya fi kowa rauni a ɗakin, tsohuwa ko yaro ɗan shekara goma, ya buɗe da kansa ba tare da an taya shi ba. Idan ya kasa, a mayar wa mai walda ya sake. Sannan a riƙa ɗiga wa hinjis da sakata baƙin mai sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar damina saboda tsatsa, da kuma ƙarshen hunturu saboda ƙura.